Jifan Kare Ba Ibada Ba Ne

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu su yi mini haƙuri, domin yau ba zancen nahawu ko ma'aunin waƙa na zo da shi ba. Zancen kare da kyanwa ne, waɗannan da ke gararamba a lungunan unguwanninmu ba mai su, ba mai tambayar inda suka kwana. Na san tun daga kan magana wasu sun yatsina fuska, suna cewa ashe filin mujallarmu ya yi arha haka. To, da su nake.

Duk mai nazarin Hausa ya san matsayin kare a bakin Bahaushe. In an tashi cin mutuncin mutum, sai a kira shi kare. Amma fa shi wannan Bahaushen ne ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, watau ya san ranar kare in farauta ta tashi. Kyanwa kuwa, ko mage, ko mussa in ji Sakkwatawa, ita ke gadin rumbu da shagon ɗan tireda ba ko anini na lada, amma in Allah ya yi ta baƙa, ta kuma gifta da dare, sai a ce mayya ce ta rikiɗa, a bi ta da duwatsu.

Su waɗannan dabbobi ba daga sama suka faɗo ba, mu muka watsar da su. Kyanwa ta haihu a ɗakin girki, sai uwargida ta sa yaro ya zuba 'ya'yan a kwali ya kai juji tun idonsu bai buɗe ba. Mafarauci ya ga karensa ya tsufa ko ya karye, sai ya hana shi ƙanzo har ya gaji ya bar gidan. Mai gadi ya sauya wurin aiki, ya tafi ya bar nasa a kango. Bayan mun gama wannan ɗanyen aiki, sa'an nan mu dawo muna mamakin yadda gari ya cika da karnuka.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta addini. Wai kare najasa ne, saboda haka jifansa ba laifi, har wani ma gani yake lada yake samu. Ina so mai wannan magana ya koma zauren da ya yi karatu ya tambayi malaminsa. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu ke bi a ƙasar Hausa, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har yawunta da guminta, kuma ba a fitar da kare daga wannan hukunci ba. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, malaman Malikiyya sun ce bin umarni ne kurum, ba don ƙazantar jikinsa ba. Ko da ma a ce mun bi mazhabobin da suka ce najasa ne, ina aka ce najasa ta halatta azabtarwa? Buhari da Muslim duk sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Su ne kuma suka kawo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. Na yarda an hana ajiye kare in ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ni ma ban ce kowa ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Amma tsakanin kada ka ajiye da ka fasa masa kai akwai tafiya mai nisa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba kuwa zan raina ta ba: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta addu'a. Wanda ke tsoron wannan ciwo yana da gaskiya. Inda muka rabu da shi, maganin da ya zaɓa.

A unguwarmu bara, bayan kare ya ciji wani yaro, sai aka bi dare aka watsa nama mai guba a bakin juji. Da gari ya waye, ga karnuka a mace, ga kyanwoyi, ga kajin mutane, har da karen wani makiyayi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka yi murna. Kafin damina ta ƙare, wasu karnukan da ba wanda ya taɓa gani sun maye gurbinsu, sun kuma fi na da faɗa. Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Muddin juji na nan, kwata na zubar da jini da kayan ciki a fili, abinci na nan, wanda kuwa ya ji ƙamshinsa daga wata unguwa zai zo. Karen da ya saba da unguwa, ya san yaranta, shi ne ke korar baƙon kare. Ka kashe shi, ka buɗe wa baƙon ƙofa, ba ka kuwa san abin da ya ɗauko ba.

Wannan ba tatsuniyata ba ce. Da ciwon ya ɓulla a tsibirin Bali na Indunusiya a 2008, hukuma ta fara da kisa, aka hallaka dubban karnuka, ciwon ya ci gaba da yaɗuwa, bai fara lafawa ba sai da aka koma yi wa karnuka allura gadan-gadan daga 2010. Meziko kuwa ta shekara da shekaru tana yi wa karnukanta allura kyauta, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta kawar da haukan karen da mutum ke ɗauka daga kare. Masana sun ce in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon ba ya samun hanyar wucewa. Allurar nan ba sai an je Turai ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yin ta.

To, a nan ne kula da dabbar titi ta zama wajibi ko ga wanda ba ya ƙaunarta. Wa zai iya kama karen da tun yana ɗan kwikwiyo bai san komai daga hannun ɗan Adam ba sai dutse? Karen da aka saba ajiye wa ƙanzo da ruwa a kasko, shi ne zai tsaya a riƙe shi malamin dabbobi ya yi masa allura, ko ya yi masa aikin da zai hana shi haihuwa barkatai. Haka nan in kare ya yi cizo, kashe shi nan take ɓatar da shaida ne. Abin yi shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, ba toka ba, ba barkono ba, a garzaya asibiti a fara allura ran nan, shi kuma karen a tsare shi a sa masa ido kwana 10. Wanda haukarsa ta fito fili kuwa, a kira ma'aikatan dabbobi su raba shi da wahala, kada a bar wa yara da sanduna.

Saura masu cewa mutane na kwana da yunwa, ni ina zancen karnuka, wai ɗabi'ar Turawa ce na kwaso. Ban ce a raba almajiri da tuwonsa a ba kyanwa ba. Abin da na roƙa shi ne ƙashi da ƙanzon da ake zubarwa a bayan ɗakin cin abincinmu kowane dare, da ruwa a fasasshen kasko lokacin bazara. Kuma na lura, mai jifan kare ba shi ne ya fi kowa sadaka ba.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da tsangayar likitancin dabbobi. Su ɗaliban can suna da ilmin allura, mu kuwa muna da harshen da mai unguwa da liman da sarkin farauta za su saurara. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su rubuta musu takarda tun yanzu, mu zaɓi unguwa ɗaya a bayan makaranta, mu ƙirga karnukanta da kyanwoyinta gida gida, lungu lungu, kafin ranar ta zo.