Lafiya Uwar Jiki: Wasan Sinawa Da Tsofaffin Kafancan

Duk wanda ya san Kafancan a zamanin da jirgin ƙasa yake tashe, ya san gari ne na masu ƙarfin ƙafa. Tun wajen 1927, sa'ad da dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya cika da leburori masu sauke kaya da ma'aikata masu bin dogo a ƙasa mil bayan mil suna duba shi. A kewayensa kuwa ga mata masu gangarowa daga duwatsun Kagoro da itace a ka, ga manoman citta na wajen Kaciya da Kwoi waɗanda suke wuni a sunkuye. Samari da 'yan matan da suka yi wannan aiki bayan samun mulkin kai su ne yau suke zaune a gindin mangwaro da sanda a jingine, tashi daga kujera ma sai da dabara.

Abin da ya fi yi wa irin waɗannan dattawa kwanton ɓauna shi ne faɗuwa. Bisa ga lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kimanin mutum 684,000 suke rasuwa kowace shekara a sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A ƙasa mai yawan ruwan sama irin Kudancin Kaduna, inda tsakar gida take yin santsi da damina, makewayi kuma ya yi gansakuka, ba sai an je nesa neman dalili ba. Yaro ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Tsoho kuwa in ya faɗi ƙashin ƙugu ya karye, to, sai kwanciya ta watanni, daga nan gyambon kwanciya da ciwon huhu su biyo baya, da yawa kuma ba su ƙara takawa.

Har wanda ya faɗi bai ji ciwo ba, akwai abin da faɗuwar take bar masa, watau tsoro. Nan da nan 'ya'ya su taru a kansa: "Baba, a zauna a huta, ko mene ne a aiki yara." A hana shi kasuwa, a hana shi gona, a hana shi zuwa gaisuwa. Lalle ƙauna ce ta kawo haka, amma gyara ne irin na gangar auzinawa, gama ƙafar da ba a taka ta kullum ramewa take yi. Bayan 'yan watanni na zama, cinyar da dā take iya tare shi in ya yi tuntuɓe ba ta da sauran ƙarfi, ranar da ya miƙe zai kewaya cikin dare sai a ji shi a ƙasa.

Tsayuwar mutum a kan ƙafa biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take, wani sashe a can cikin kunne yana gaya mata ko kai ya karkata, jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi suna gaya mata inda nauyi ya sauka, sa'an nan ita kuma ta umurci naman cinya da na ƙwauri su gyara tsayuwa kafin ƙiftawar ido. Tsufa yana rage kaifin dukansu. Amma abin da likitoci suka tabbatar shi ne, wannan aiki yana karɓar horo ko a shekara 80.

A nan ne wasan nan na Sinawa da ake kira Taici ya shigo. Masu shiga silima a shekarun 1970, zamanin da Bruce Lee yake tashe, da sun ji an ce wasan Sinawa sai su tuna da tsalle da harbi da ihu. Taici asalinsa daga wasan kare kai ne, gaskiya, ana danganta shi da ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17, kuma wani gwani mai suna Yang Luchan ya kai shi birnin Beijing a ƙarni na 19. Sai dai yadda ake yinsa yau, mai kallo zai zaci mutum yana tafiya ne a cikin ruwa. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin amfanin kowa, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da aka gada.

Sirrinsa yana cikin wannan jinkiri. Mai yi yana tsayawa baya a miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya juye nauyinsa gaba ɗaya a kan ƙafa guda, ya ɗaga ɗayar a hankali, ya ajiye diddige tukuna kafin yatsu, sa'an nan ya maido nauyin a kanta sannu sannu, yana juya ƙugu, hannuwa suna bi, numfashi yana tafiya daidai. Duk macen da ta taɓa hawo gangaren rafi da tulu cike a kanta ta san wannan tafiya, ko da ba ta san sunanta da Sinanci ba. Mai sauri yakan ɓoye raunin ƙafarsa da gaggawa, amma mai tafiya a hankali tilas kowace ƙafa ta ɗauki nauyinsa ita kaɗai na ɗan lokaci, kuma wannan shi ne ainihin abin da tsoho yake rasawa.

An gwada abin a kan mizani. A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa a birnin Atlanta na Amurka suka ba da sakamakon gwaji a kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, inda aka ga waɗanda suka yi Taici na mako 15 haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2012 Fuzhong Li na jihar Oregon ya gwada shi a kan mutum 195 masu ciwon nan na karkarwa da ake kira Parkinson, tsayuwarsu ta gyaru, takunsu ya ƙara faɗi. A 2018 ya sake gwaji da tsofaffi 670, galibinsu sun taɓa faɗuwa ko tafiya tana yi musu wuya, awa guda sau biyu a mako har wata shida, da motsi takwas kacal. Faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda aka sa su miƙe-miƙen jiki kawai.

Amma kada a ɗauke shi maganin kowace cuta. Shi Wolf ɗin da ya sake gwaji a 2003 da tsofaffin da jiki ya riga ya fara saki ƙwarai, bambancin da aka samu bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Watau a fara tun da sauran ƙarfi. Kuma wanda jiri yake ɗiba in ya miƙe, ko mai shan maganin hawan jini, ko mai ciwon sukari da tafin ƙafarsa ya mutu, ko mai yanar ido, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, likita zai fara gani. Ba motsin da zai hana mai yanar ido tuntuɓe da turmi.

Akwai wata tambaya da ba za a rasa mai yinta ba a gari irin Kafancan, inda Musulmi da Kirista kowa yake riƙe da addininsa kam: shin wannan ɗaga hannu da lumshe ido ba bauta ba ce? Gaskiyar magana, sunan wasan da bayaninsa na asali suna da alaƙa da tsohuwar falsafar Sinawa. Amma abin da aka gwada a asibitoci motsa jiki ne zalla, ba a kiran sunan kowa, ba a durƙusa wa kome. Malami da fasto suna iya tsayawa su duba da idonsu.

Ba a bukatar na'ura ko lantarki, sai inuwa da daɓe mai kyau da mai koyarwa. Kafancan kuwa tana da inda za a samo masu koyarwar. Ga kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma ta jiha, ga asibitin tunawa da Patrick Yakowa wanda aka amince a 2025 a mayar da shi cibiyar lafiya ta Gwamnatin Tarayya. In aka horar da 'yan ma'aikata kaɗan a kan motsin nan takwas, su kai shi ƙananan asibitocin Zonkwa da Kagoro da Gidan Waya, sauran aikin na zumuntar mata ne da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan fansho, waɗanda dā ma suna taruwa kowane mako. Taruwar kanta rabin magani ce ga tsohon da ya wuni ba mai ce masa kanzil.

Kafin a kai ga haka, wanda yake da tsoho a gida yana iya farawa. A cire masa silifa, ya sa takalmi mai kama diddige. Ya tsaya a bayan kujera mai nauyi ya dafa ta, ƙafafu a ɗan ware, ya karkata nauyinsa dama ya ƙirga biyar, ya komo hagu ya ƙirga biyar, sau goma. Wanda tsayuwa ta gagara ya yi a zaune, yana juya ƙugu da hannuwa, yana danna tafin ƙafa a ƙasa. Minti goma ya isa a makon farko. Wani babba ya tsaya kusa da shi ta wajen ƙafar da ta fi rauni, in gwiwa ta yi zafi ko kai ya juya, a dakata sai gobe.