A Daina Ɗora Wa Inji Laifin Batir

Cikin motocin da ake shigowa da su ƙasar nan daga Amurka da Turai, waɗanda jama'a suka fi sani da 'yan Kwatano, yanzu akwai da yawa masu wata ɗabi'a da ke firgita sabon mai mota. Da zarar direba ya taka birki ya tsaya cik a danja, sai inji ya yi tsit kamar an zare makulli, yana ɗaga ƙafa kuma sai ya tashi da kansa. Wanda bai san dawan garin ba yakan garzaya gareji ya ce a raba shi da wannan fitina. Wani kuma bayan 'yan watanni sai ya lura motarsa ta daina hakan, ya yi murna ya ce ta warke. A ganinmu dukansu biyu ba su fahimci abin da ke hannunsu ba, kuma murnar na biyun ta fi tsada, domin motar da ta daina kashe injinta a danja galibi labarin batirinta take ba mai ita, shi kuwa bai saurara ba.

Wannan dabara ta kashe inji da tayar da shi ta daɗe. Kamfanin Toyota ya gwada ta a motar Crown tun 1974, Fiat ma ya sa ta a motar Regata a 1983, amma ba ta bazu ba sai da Tarayyar Turai ta kafa doka a 2009 wadda ta ƙayyade yawan hayaƙin da sababbin motoci za su riƙa fitarwa. Daga nan kusan kowane kamfani ya rungume ta. A Amurka kuwa mutane da yawa ba su ƙaunarta, har a watan Mayu na 2025 shugaban hukumar kare muhalli ta ƙasar, Lee Zeldin, ya fito fili ya kushe ta. To, ko mene ne suka yanke a can, motocin da aka riga aka ƙera suna nan tafe, kuma mu ne za mu yi fama da su shekara goma ko fiye nan gaba.

Ya kamata mai karatu ya fara da sanin abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun da inji yake kashe. Muddin inji na juyawa, altaneta ce ke ciyar da duk kayan lantarkin mota, tana kuma mayar wa batir abin da aka ci, da ƙarfin da ya kai wajen bolt 14. Inji na tsayawa ita ma ta tsaya, sai nauyin gidan duka ya koma kan batir shi kaɗai. Manyan fitilun gaba guda biyu na gargajiya, kowace wat 55, suna jan kusan amfiya 9. Fankar da ke hura iska cikin mota, idan an ƙure ta, tana iya cin ninki biyu na wannan. A ƙara da rediyo, da waifa in ana ruwa, da wayoyin da aka jona a caji, da kwamfutocin motar kansu. Sa'an nan bayan duk wannan ci, ana bukatar batirin nan ya ba kik amfiya 150 ko fiye a cikin ƙiftawar ido, ba tare da ko gezau ba, domin akwai motoci a baya suna jira. Ma'aikacin da ya sayi Peugeot 504 da rancen mota bayan an buɗe masana'antar Kaduna a 1975, sau huɗu ko biyar yake tayar da injinsa a yini. Motar yau tana iya yin haka sau ashirin tsakanin gida da ofis.

Saboda haka masu ƙera motocin ba su bar al'amarin ga sa'a ba. A kan batir, wajen da ke da alamar ragi, akwai wata 'yar na'ura da ke auna wutar da ke shiga da wadda ke fita, da ƙarfinta, da zafin batirin, tana kai wa kwamfutar mota rahoto ba dare ba rana. Kafin kwamfuta ta yarda ta kashe inji sai ta tabbata za ta iya tayar da shi. Kowane kamfani da tasa iyakar, amma galibi idan caji ya sauka ƙasa da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100, sai ta ƙi. Haka kuma idan ta kashe injin, sa'an nan ta ga kayan lantarki suna zuƙe batir da sauri, sai ta tayar da shi tun direba bai ɗaga ƙafa ba. Akwai waɗansu sharuɗɗan da ba su shafi batir ba, kamar inji bai yi ɗumi ba, ko ƙofa ko bonet a buɗe, ko direba bai ɗaura bel ba, ko mota tana giyar baya, amma waɗannan na ɗan lokaci ne, da an gyara sun wuce. Wanda ke daɗewa makonni shi ne na batir.

A nan akwai abu biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya, alhali kuwa dabam suke: yawan cajin da ke cikin batir, da kuma lafiyar batirin kansa. Misalinsu kamar randa ce da laka ta taru a gindinta. In ka leƙa za ka ga ruwa har baki, amma in ka sa moɗa sau uku sai ka taɓo laka. Batir mai cikakken caji, idan ya huta, yakan nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, in ya nuna 12.2 kuwa ya kusa rabi. To, tsohon batir ma yana iya nuna 12.6 ɗin nan bayan an yi masa caji, amma da an ɗora masa nauyi sai ya durƙushe. Shi ya sa mai gyaran waya da ya dangwala mita ya ce lafiya lau bai gama bincike ba tukuna. Kwamfutar motar ta riga shi ganin lakar, domin ita tana kallon yadda wuta ke faɗuwa duk lokacin da aka tayar da inji. Mota za ta ci gaba da tashi da safe har tsawon watanni, mai ita yana ganin komai daidai ne, sai ranar da za ta ƙi, kuma ba ta zaɓen ranar da ta dace.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa abin nauyi ta fuska biyu. Ta farko, zafi makashin batir ne. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanan batirin dalma, ga shi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Ta biyu, na'urar sanyaya iska a yawancin motoci da bel ɗin inji take juyawa. Inji na mutuwa sanyi ya fara gudu, sai kwamfuta ta zaɓi jin daɗin mutanen ciki a kan tsimin mai, ta bar inji yana aiki. Don haka motar da ta ƙi kashe kanta da tsakar rana a watan Afirilu ba lallai ne a zarge ta ba. Wadda ta ƙi da sanyin safiya, bayan doguwar tafiya, an kashe na'urar sanyi da fanka da fitilu, ita ce ya kamata a kai a duba batirinta.

Irin zirga-zirgar ma'aikacin gwamnati ma ba ta taimaka wa batir. Tafiyar minti goma daga gida zuwa sakatariya, da sanyi a ƙure da fanka a ƙure, ba ta isa altaneta ta biya bashin da aka ci ba. Gobe a sake, jibi a sake, sa'an nan a tafi hutu a bar mota a ajiye wata guda. Batirin da ya daɗe ba a cika shi ba, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalmarsa, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Lakar da muka ambata ke nan.

Babbar ɓarnar kuwa a ranar sayen sabon batir ake yin ta. Motocin nan suna zuwa da ɗaya daga cikin batura iri biyu, kuma sunan a rubuce yake a jikinsu. Akwai EFB, wanda batir ne mai ruwa da aka ƙarfafa farantansa, akwai kuma AGM, wanda ruwansa a jiƙe yake cikin wani abu mai kama da audugar gilashi, a rufe ruf. An yi su ne domin su jure ci da cikawa sau da yawa a yini. Ƙa'idar a fili take: inda aka cire AGM, AGM za a mayar, inda aka cire EFB, a mayar da irinsa ko AGM. Amma da yake sun fi batirin gargajiya tsada nesa ba kusa ba, sai mai mota ya dubi aljihunsa, mai shago ya ce ai batir batir ne muddin ya shiga mazauninsa. Araha dai ba ta ado. Batirin gargajiya a cikin irin wannan mota, ko dai kwamfuta ta ƙi amfani da shi wajen kashe inji, ko kuma ta yi amfani da shi ta gajiyar da shi tun kwanansa bai kai ba, a koma shago a sake biya. Sa'an nan a motoci da dama, kamar na BMW da Volkswagen da Ford, bayan an sa sabon batir sai an jona na'urar bincike an sanar da kwamfuta. In ba a yi ba, za ta ci gaba da lissafi da tsohon batirin da ta sani, tana yi wa yaro abincin tsoho. Waɗansu motocin ma, irin su Mercedes da Jeep, sukan zo da ƙaramin batir na biyu a ɓoye, a canja babba a manta da ƙarami, matsala tana nan.

Akwai kuma ɗabi'un gareji da suka dace da motar jiya amma suke cutar ta yau. Ba a ɓalle murfin AGM a ƙara masa ruwa. Injin cajin bakin hanya da ba ya daidaita ƙarfin wuta yana iya dafa shi. Idan za a yi caji ko za a jona waya daga wata mota, wayar ragi a jikin ƙarfen mota ake maƙala ta, inda littafin motar ya nuna, domin wutar ta bi ta cikin 'yar na'urar nan ta ƙirga ta. Haka nan wanda ya ƙara manyan lasifikoki ko ƙarin fitilu ya ɗaura wayarsu kai tsaye a kan batir, ya buɗe wata ƙofar da mai gadi ba ya gani.

Mai karatu zai ce, to duk wannan wahala a kan tsimin nawa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za mu zuzuta ribar ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2014 ta sami ragin shan mai na kashi 5 zuwa 7 cikin 100. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa inji mai aiki a tsaye yana shan wajen lita 0.6 a awa a kan kowace lita ta girman injin, ta kuma ce tsayuwar da ta wuce daƙiƙa 10 ta fi sake tayar da inji cin mai. In muka ɗauki mota mai inji lita 2 da ke tsayuwar minti 20 a yini, lita 0.4 ke nan, lita 2 a kwanaki biyar na aiki, kusan lita 100 a shekara. A cire watannin zafi da tsarin zai huta, abin da ya rage ba zai mai da kowa attajiri ba, kuma wani kaso nasa zai tafi a bambancin kuɗin batir. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu ma'aikacin da ke raina lita goma, kuma ma'aikatar da ke da motoci hamsin lissafinta dabam ne.

Sai dai hujjarmu ba ta tsaya ga mai kaɗai ba. Ko da mutum ya tsani tsarin, motarsa an gina hanyar cajinta ne a kan irin wancan batir, don haka kashe tsarin ba ya halatta masa sayen na araha. Wanda kuma ya biya aka toshe shi har abada ya rufe bakin abin da zai gargaɗe shi tun da wuri. Ga maɓalli nan a gaban direba, mai harafin A da kibiya ta kewaye shi. A cunkoson da ake tafiyar hawainiya, taku ɗaya a tsaya, ko inda ake jiran kutsawa babban titi, danna shi hankali ne, mu ma muna goyon baya. A danja mai tsawon minti ɗaya ko biyu kuwa, a bar shi ya yi aikinsa.

Muna kira ga jami'an sufuri da na sito a ma'aikatun gwamnati da su daina rubuta "batir ɗaya" kawai a takardar oda. A rubuta irinsa da girmansa kamar yadda yake a jikin wanda aka cire, kuma kada a sa hannu a takardar biya sai an tabbatar an sanar da kwamfutar motar inda ake bukatar haka. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sa ido kan abin da ake rubutawa a jikin baturan da ke kasuwa, domin haruffa uku ba su da wuyar bugawa a kan kwali. Kwalejojin fasaha da hukumar NBTE da ke Kaduna su tabbata ɗalibin da ya karanta lantarkin mota ya riƙe na'urar gwada lafiyar batir da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida. Ƙungiyoyin makanikai kuma, tun da na'urar bincike ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, babu abin da zai hana masu gareji goma a layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi guda, su ɗora wa yaro ɗaya mai karatu alhakin koyonta.