Wasan babur na tiriyal: darasin da Diffa za ta ɗauka daga gasar da ba a cin ta da gudu

Cikin bidiyoyin da matasan Diffa ke tura wa juna ta WhatsApp da TikTok, akwai wani iri da ke tayar da gardama a fada lokacin shan shayi. Mutum ne tsaye bisa babur marar sirdi, ya ɗaga tayar gaba, ya haye dutsen da ya fi shi tsawo, ya tsaya cik, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su ce da asiri a ciki. Manyan fada kuwa sai su ce ai ƴan kabu-kabun da, masu ɗauko buhunan tattasai daga bakin Komadugu cikin rairayi da taɓo, ba su gaza wannan Bature ba.

Sunan wasan tiriyal. Hirarsa ta nishaɗi ce, amma a jihar da aka hana hawa babur a 2015, tana ɗauke da tambaya mai nauyi: matasan da suka girma babur yana abin tuhuma, wa zai koya musu riƙe shi, kuma a wane fili?

Gasar da mai gaggawa ke faɗuwa

Tiriyal ya samo asali ne a Birtaniya, lokacin da masu ƙera babura ke son nuna cewa injinsu na jure mummunar hanya. Gasar kwana shida ta Sikotlan, wadda aka fara a 1909, har yau ana yin ta a yankin Fort William. Hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, ta buɗe gasar duniya a 1975, kuma Martin Lampkin na Ingila ne ya fara ɗaukar kambun. Ɗansa Dougie Lampkin ya ci sau bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003. Tun daga 2007 kuwa mutum ɗaya ya mamaye fagen: Toni Bou, ɗan yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, bisa babur Montesa na kamfanin Honda. Ya zuwa ƙarshen 2024 yana da kambu 36, rabi na gasar fili, rabi na gasar cikin zaure. A ɓangaren mata, Laia Sanz, ita ma ƴar Kataloniya, ta ci kambun duniya sau 14.

Ƙa'idar wasan ita ce ta sa ya bambanta. Ana shata gajerun wurare masu wuya, da duwatsu ko gungumen itace ko gangare, a ajiye alƙali a kowanne. Ɗan wasa ya sa ƙafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. In ya faɗi ko ya fita daga layi, maki 5. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ne zakara. Akwai iyakar lokaci, amma riga wani isowa ba ya ƙara wa kowa komai. Babur ɗin kansa bai wuce kilo 70 da ɗan wani abu ba, tankinsa ƙarami ne, kuma a tsaye ake tuƙa shi. Abin da ake gwadawa shi ne sanin birki, da sanin totur, da daidaita nauyin jiki, da karanta ƙasa kafin a taka ta. Wato dai abubuwan da ke raba mai tuƙin da ke komawa gida lafiya da wanda ake ɗauka zuwa asibiti.

Yadda babur ya zama abin tuhuma

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka ci gaba da sabunta ta duk bayan wata uku. Cikin matakan da aka ɗauka har da hana zirga-zirgar babura, domin da su ne maharan ke shigowa su fita cikin gaggawa. An taƙaita sayar da man fetur da takin zamani, an dakatar da cinikin tattasai da na kifin tafkin Chadi, an rufe wasu kasuwanni. Ba Diffa kaɗai ta bi wannan hanya ba. Maiduguri ta hana babura tun 2011, Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013, sassan jihar Tilaberi kuma suka bi sahu a farkon 2020.

Daga baya an sake buɗe cinikin tattasai a 2017, na kifi a 2019. Hanin babur ya fi su daɗewa, kuma shi ne ya fi shiga cikin rayuwar kowace rana. Ɗan kabu-kabu ya rasa sana'a, haka ma bakanike, da mai facin taya, da mai sayar da kayan gyara, da mai sayar da mai a kwalba. Manomin Geskeru ko Shetimari da ke kai wa gonarsa mai da taki a babur ya koma ga amalanke ko ƙafa. Mai haihuwa a ƙauyen da mota ba ta shiga ta rasa abin da zai kai ta likita cikin dare. A cikin gari, babura masu taya uku sun cike wani giɓin, amma kuɗin sayensu ya fi ƙarfin yawancin waɗanda suka ajiye kabu-kabu. Tun a 2017 ƙungiyar International Crisis Group ta ja hankali cewa matakan da ke shaƙe tattalin arziƙin jihar na iya tura matasa marasa aikin yi hannun waɗanda ake yaƙa.

Ba a musun dalilin tsaro. Sojan da ke tsaye a shinge kusa da gadar Dutsi ba shi da hanyar bambance manomi da mahari daga nesa, kuma jini mai yawa ya zuba a wannan kwari. Sai dai kowace doka tana da kuɗin da ake biya a bayan fage, kuma akwai wani da ba a cika lissafa shi ba.

Giɓin da ba a lissafa ba

Yaron da ke da shekara takwas a 2015 yau ya zama saurayi. A Maradi ko Damagaram, sa'ansa ya koyi babur a hankali: ya zauna bayan wansa, an aike shi kasuwa, ya faɗi sau biyu a rairayi, wani dattijon tasha ya daka masa tsawa. Wannan makaranta ta titi ba ta da rajista, amma tana koyarwa. A Diffa ta rufe shekara da shekaru. Ƙwararrun da suka san yadda ake ratsa yashi da kaya, wasu sun tafi Damagaram, Agadas ko wuraren haƙar zinariya, wasu sun sauya sana'a, wasu sun tsufa.

Babu dokar ta-ɓacin da ke dawwama. Babur zai koma hannun matasan Mangari, ko a hankali ko a tashi ɗaya, domin babu abin hawan da ya fi shi araha a ƙasar da ƙauyuka ke nesa da kwalta. Duk sassaucin da ya zo ba tare da horo ba, zai haɗa sabon babur da sabon matuƙi a kan hanyar da ke cike da manyan motoci, da yara, da dabbobi, da bukkokin ƴan gudun hijira a gefenta. Malamin da ya rage wa waɗannan matasa shi ne wayar salula, ita kuwa ba Toni Bou kaɗai take nunawa ba. Ta fi nuna wasan ganganci na rakiyar amarya: saki hannu, kwanciya bisa sirdi, ɗaga taya cikin taron jama'a, babu hular kwano. Duk garin da ya san wannan wasa ya san makokin da ke biyo bayansa.

Nan ne tiriyal ke da abin faɗa. Yana ɗaukar abin da saurayi ke nema a wasan ganganci, wato a gan shi, a tafa masa, a san ya iya, sai ya ɗora shi bisa ƙa'idar da ke hukunta gaggawa. Gwani a nan shi ne mai natsuwa. Hausawa sun riga sun faɗa: sannu ba ta hana zuwa.

Abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

Kada a ruɗi kai. Sabon babur ɗin tiriyal na Montesa, GasGas, Sherco ko Beta kuɗinsa miliyoyin sefa ne, ya ninka na babur ɗin kasuwa sau da yawa, ga shi ba ya ɗaukar fasinja ko buhu. Babu mai hankalin da zai ce a sayo su ga matasan da ke neman abin sawa a baki. Bakin Komadugu kuma, duk da gangarensa da taɓonsa sun dace da wasan, iyaka ce da Najeriya, kuma ba wurin tara jama'a da ƙarar injuna ba ne a halin da ake ciki.

Amma ƙa'idar wasan ba ta buƙatar wannan duka. Waɗanda suka fara shi a Sikotlan da baburan hanya suka fara. Gasar cikin zaure da ake yi a biranen Turai da gungume, tsofaffin tayoyi da bututun siminti ake shirya ta, a fili ƙanƙane mai ƙofa ɗaya. Toni Bou kansa da keke ya fara kafin ya hau mai inji, kuma tiriyal na keke wasa ne mai zaman kansa, ba ya shan mai, ba ya ƙara. Fili mai katanga, babura kaɗan masu rajista da ake ajiyewa a wuri guda, sunan kowane ɗan wasa a hannun hukuma, hular kwano dole, tsofaffin ƴan kabu-kabu a matsayin masu horarwa da alƙalai: wannan tsari ne da jami'in tsaro zai iya sa wa ido, ya fi masa sauƙi a kan baburan da ke yawo a ɓoye.

Diffa ta riga ta nuna tana iya karɓar taro cikin dokar ta-ɓaci. Ta karɓi bikin Diffa N'Glaa a Disamban 2021. A ƙarshen 2022 ta karɓi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na 43, inda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi. Garin da ya tsare dubban ƴan kallo kwana goma ba zai kasa tsare fili guda da matasa talatin ba. Abin da ake buƙata shi ne magajin gari, hukumar matasa da wasanni ta jiha, jami'an tsaro da ƙungiyoyin masu sufuri su zauna tun kafin buƙata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin da ya rataya a kan ƴan jarida

Mu ma masu ɗauko labari muna da hannu a yadda jama'a ke kallon babur. Shekara goma ke nan kusan duk inda kalmar ta fito a labaran wannan yanki, to ko dai "ƴan bindiga bisa babura" ne, ko haɗari, ko kamu. Wasan motoci da babura kuwa, in ya zo ƙasarmu, baƙi ne ke ba da labarinsa. Gasar Paris-Dakar ta sha ratsa Tenere da Agadas. A 1992, da aka miƙa ta zuwa birnin Kap na Afirka ta Kudu, ta sauko daga Dirku ta kwana a Gigimi kafin ta wuce Njamena, kuma Stéphane Peterhansel na Faransa ne ya ci ɓangaren babura. A 2000 barazanar tsaro ta sa aka kwashe gasar a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. An soke ta a 2008, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. A hotunan wancan zamani mutanenmu ƴan kallo ne a gefen hanya, ƙura na rufe su, sunan kowa bai fito ba.

In har wasan babur zai samu gindin zama a Diffa, wajibi ne labarinsa ya zama namu, kuma a yi shi da ƙa'ida. Na farko, a bayyana dokokin wasan da Hausa da Barbarci a gidajen rediyo, domin mai sauraro ya san dalilin da ya sa wanda bai yi gudu ba ya ci. Na biyu, a bincika bidiyo kafin a yaɗa shi: ina aka ɗauke shi, yaushe, wa ke ciki. Hoton matasa bisa babura da aka ɗauka a wata ƙasa, in aka liƙa masa sunan wani ƙauyen Komadugu, yana iya jawo wa mutanen ƙauyen bincike da kamu. Na uku, a daina yi wa ganganci kirari. Shafin da ke neman yawan masu kallo da bidiyon yaron da ya saki hannu a tsakiyar kasuwa yana da kaso a haɗarin da zai biyo. Na huɗu, in haɗari ya faru a faɗi musabbabinsa, ko gudu ne, ko rashin birki, ko rashin hular kwano, maimakon a tsaya ga "tsautsayi" kawai. Na biyar, a tuna cewa kyamara a yankin da ke cikin dokar ta-ɓaci tana iya nuna shinge, ko fuskar da mai ita bai so a gani ba.

Gardamar fada kan ko Toni Bou yana da asiri za ta ci gaba, kuma babu laifi. Amsarta dai a fili take: ya fara tun yana yaro, a wurin da aka keɓe, ƙarƙashin idon waɗanda suka iya. Wannan ne matasan Diffa suka rasa tun 2015, kuma mayar musu da shi bai kai tsadar gadon asibiti ko ramin kabari ba. Hukumomin jiha su ne ke da ikon buɗe filin. Mu ƴan jarida, namu shi ne mu tambaye su yaushe.