Lafiyar Iyali: Ciwon Cikin da Awo Ba Ya Gani

Akwai yaron da kusan kowace safiya zai dafe cibiya ya ce cikinsa na ciwo. A kai shi asibiti, a auna jini da bayan gida, likita ya ce bai ga komai ba. Nan take sai a yanke masa hukunci: gudun makaranta ne.

Wannan hukunci zalunci ne. Tun a 1958 likita John Apley ya binciki 'yan makaranta 1,000 a Bristol ta ƙasar Ingila, ya tarar kusan ɗaya cikin goma na fama da ciwon ciki mai tafiya yana dawowa, kuma masu shi sun fi sauran yara fargaba da tsoro. Jijiyoyi ne suka haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, saƙo na kai da kawowa. Hankalin yaro ya tashi, hanji ya murɗa; ciwon ya daɗe, yaro ya koma mai fushi, ko shiru-shiru, ko ya kasa barci.

To, ina ga 'ya'yan 'yan'uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira da Bulu Nayil a Sudan? Rikicin Yulin 2022 ya kori Hausawa da dama daga yankin Rusairis da Damazin, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disamban shekarar. Yaron da ya kwana watanni a ajin makaranta da aka mayar sansani, inda jama'a ke layi a ƙofar masai ɗaya, yakan koyi riƙe kashi. Kashin ya taurare, fitarsa ta yi zafi, ya ƙara riƙewa, har ruwa-ruwan ya riƙa zubo masa a wando ba da saninsa ba. Sai kuma a bi shi da bulala!

Amma kada a ɗora komai a kan damuwa. Magudanan ruwan Jazira matattarar tsargiya ne, kuma akwai irinta mai kama hanji. A fara awon bayan gida. In akwai jini, rama, zazzaɓi, yawan amai, ko ciwon na tayar da shi cikin dare, a koma wurin likita ba jinkiri.

In awo ya fito lafiya, uwa ta ce masa ta yarda yana jin ciwo, kuma ba mai kisa ba ne. Ya ci gaba da zuwa makaranta, ya sha ruwa sosai, a ba shi wake da ganye, a saba masa tsugunawa minti biyar bayan cin abinci. Da dare kuma ta tambaye shi abin da yake tsoro.