Fala-Fala: Kalmar Da Ba Ta Tsayuwa Ita Kaɗai

Idan Bahaushe ya ce wa yaro “mai kunnuwa fala-fala kamar na zomo”, ya yi abin da kalmar “manya” ba za ta iya yi ba. Kunnuwa kan yi girma ta hanyoyi da dama, amma fala-fala tana nuna faɗi da rashin kauri a lokaci guda, har mai sauraro ya ga kamar iska za ta kaɗa su. Da ita kuma ake siffanta ganye mai faɗi.

Masana nahawu suna sanya wannan kalma cikin amsa-kama, wato kalmomin da ke zana kamannin abu a zuciyar mai ji. Tana da ’yan’uwa da yawa, kowace da mazauninta: idanu dara-dara, gashin ido zara-zara, farata zaƙo-zaƙo, gashi buzu-buzu. Wanda ya ce “idanu fala-fala” bai karya wata dokar jumla ba, amma duk tsohuwar da ta ji shi za ta san Hausarsa ta aro ce.

A nan ne koyarwarmu take da rauni. Sau da yawa malami kan jera waɗannan kalmomi a allo, ya ce wa ɗalibai duk ma’anarsu “babba” ko “dogo”, su haddace domin jarrabawa. Wannan kashe kalma ne. Abin da ya dace shi ne a kawo ta tare da sunan da take bi, a faɗe ta da baki da karin sautinta, a bar yara su nemo wasu misalai daga tatsuniyoyin da suka ji a gida. Kunne, an ce, ya girmi kaka.

Sai dai akwai wurin da ke bukatar hattara. Dara-dara yabo ce, mawaƙa ma sukan ƙawata budurwa da ita. Fala-fala kuwa, idan an jingina ta ga mutum, ta fi karkata ga zolaya ko ba’a. Tsakanin kaka da jika ko abokan wasa ba laifi ba ne, amma malamin da ya nuna kunnen wani ɗalibi a aji domin misali, ya sani cewa ya raɗa masa laƙabin da zai bi shi har ya bar makarantar. Hoton zomo a allo ya isa.