Numfashin Baƙi da Gishirin Dutse: Barazanar da Ke Kan Kaburburan Fir'aunoni

A shekarar 2024 Masar ta karɓi masu yawon buɗe ido miliyan 15.7, adadin da ya zarce miliyan 14.7 na 2010, kuma gwamnati ta ce burinta shi ne miliyan 30 a shekara. Ga ƙasar da ke fama da ƙarancin kuɗin waje, wannan buri ba abin zargi ba ne. Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa, a kaburburan Kwarin Sarakuna da ke gaɓar yamma ta Luksor.

An sassaƙa waɗannan kaburbura ne a cikin dutsen farar ƙasa, aka yi musu yaɓe, aka zana hotuna, sannan aka toshe ƙofa. Bushewa da duhu ne suka adana su fiye da shekara 3,000. Shi kuwa dutsen yana ɗauke da gishiri. Duk wanda ya shiga yana barin tururin numfashi da gumi. Idan laima ta ƙaru, gishirin ya narke ya biyo ta zuwa fuskar bango. Idan iska ta bushe, sai ya sake daskarewa a bayan yaɓen, ya kumbura, ya ture shi. Wanda ya ga yadda kanwa ke cin gindin katangar ƙasa ya san wannan aiki. Ba jiƙewar kaɗai ke ɓarna ba, maimaituwar jiƙa da bushewa ce, kuma kowace tawagar baƙi zagaye ɗaya ce.

Kabarin Sarauniya Nefertari, wanda aka gano a 1904 a Kwarin Sarauniyoyi, ya nuna tsadar gyara. Gishiri ya ɓamɓare zanensa har aka rufe shi. Ƙwararrun Cibiyar Getty da na Masar sun yi daga 1986 zuwa 1992 suna liƙa shi gutsure-gutsure, kuma da aka buɗe shi a 1995, mutum 150 kacal aka yarda su shiga a rana. Kabarin Tutankhamun ma ya ci aikin shekara goma, 2009 zuwa 2019, inda aka sa masa na'urar tace iska da shinge. An gina kwafinsa a kusa a 2014, amma wanda ya biya kuɗin jirgi daga nesa na asali yake nema.

A gidajen bauta irin su Karnak, ruwan daga ƙasa yake tasowa. Tun da aka kammala madatsar Aswan a 1970, ambaliyar Nilu ta daina zuwa, ban-ruwa ya zama na duk shekara, musamman a gonakin rake. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau, ginshiƙai suka riƙa tsotsarsa tare da gishirinsa. Sai da aka shimfiɗa bututu da injinan zuƙe ruwa da tallafin Amurka. Injin kuwa yana son wuta da gyara kullum.

Nan ne lissafin ya rikice, domin kuɗin kula da wuraren daga tikitin baƙi akasarinsa ke fitowa. Bayan juyin juya halin 2011 baƙi suka ragu zuwa miliyan 9.8, a 2016 kuma suka koma kusan miliyan 5.4 bayan faɗuwar jirgin Rasha a Sinai. A cikin shekarun nan ne haƙar sata ta yawaita, kuma a Agustan 2013 aka wawushe kayan tarihi kusan 1,000 daga gidan tarihin Mallawi. Yawan baƙi yana cin bango sannu a hankali. Rashinsu yana barin wurin ba mai gadi.

A Disamban 2019 aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta kayan tarihi wuri guda. Ke nan ofishin da ake auna nasararsa da yawan masu shigowa shi ne kuma zai ce an isa haka a bakin kabari. Kamata ya yi kowane kabari ya samu iyakar masu shiga a rana, na'urar auna laima ce za ta yanke ta, ba mai sayar da tikiti ba. Ninka baƙi zuwa miliyan 30 kafin a kafa wannan iyaka ganganci ne.