Wutar aro da ruwan pampo

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take saida wa Nijar, bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO. A lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa: layi ɗaya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ɗaya kuma daga Katsina zuwa Gazawa, wanda Maraɗi da Damagaram suka dogara da shi. Teloli da masu walda da masu saida ƙanƙara ba su manta da watannin nan ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo, amma tambayar da katsewar ta tayar tana nan ba amsa.

Laifin bai tsaya ga maƙwabciya ba. Tun 1976 da aka ja layin Birnin Kebbi, wutar Najeriya mai araha ta zame wa gwamnatocin da suka yi ta shuɗewa matashin kai. Tunda ana saye da sauƙi, babu mai gaggawar gina tashoshi a gida, babu kuma mai son taɓa farashi, domin ƙarin kuɗin wuta magana ce da ke fito da ƙungiyoyin ƙwadago kan titi. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Gawayin Anu Araren na SONICHAR bai wuce jihar Agadas da ma'adinanta ba. Madatsar Kandaji, wadda ake jiran megawat 130 daga gare ta, an aza tubalinta a 2008. Kamfanin Rasha da aka fara ba aikin ya kasa, na Sin ya karɓa a 2019, shi ma ya dakata a 2023. Yaron da aka haifa ranar aza tubalin ya zama saurayi bai ga wutarta ba.

Tashar Goru Banda da aka buɗe a 2017 ta rage zafi, sai dai da mai take aiki, kuma wutar mai ta fi ta Najeriya tsada nesa ba kusa ba. A nan ne aikin hukumar ARSE yake, wadda aka kafa a 2015 don ta tsaya tsakanin kamfani da mai saye. Idan ta bar farashi ƙasa da abin da aka kashe, NIGELEC ba ta iya gyara ko saye sababbin injuna. Idan ta ɗaga, ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba shi zai sha. Mafita ɗaya ita ce ta bayyana lissafin a fili: nawa ake kashewa, nawa ke zurarewa ta hanyar satar wuta, nawa kuma ma'aikatun gwamnati ke riƙewa ba su biya ba. Ɗan kasuwan da ya makara ana yanke masa wuta ba sani ba sabo. Ofishin gwamnati kuwa, wa zai hau falwayarsa?

Ruwa ma a igiyar nan yake ɗaure, domin rijiyoyin burtsatse da lantarki suke tura ruwa zuwa gari. Mutanen Damagaram, waɗanda ake jawo wa ruwa daga Gogo da Arunguza, sun san cewa in wuta ta ɗauke pampo ya bushe, ƴan garuwa kuma su ƙara kuɗi. A 2001 an raba aikin gida biyu: SPEN ta riƙe kayan aiki, SEEN ta Faransawa ta riƙe rabawa da karɓar kuɗi. A farkon 2024 kamfanin gwamnati na NDE ya gaji SEEN. Yanzu mai kayan, da mai rabawa, da mai yanke farashi, da babban mai saye duk gwamnati ce, kuma matar da ta kwana a layin pampo a Garin Malam tana bukatar ofishin da za ta kai kuka wanda ba na mai kamfanin ba.